Me hukumomin jiha za su iya yi wa Damagaram idan rayuwa ta yi tsanani?

Duk shekara, da zarar rumbuna suka yi ƙasa wajen watan Yuni, tiyar hatsi ta fara hawa a Kasuwar Dole, tambaya guda ce take zagaya fada-fada da tashoshin mota da shirye-shiryen kiran waya na gidajen rediyon Damagaram: to shi gwamna me yake yi ne? Sai ka ji wani ya kawo misali da ƙetaren iyaka, ya ce ai a Najeriya gwamnan jiha kaza ya raba shinkafa, na jiha kaza ya karya farashin taki, wani kuma ya zuba motocin haya masu rahusa, mu namu ina nasa?

Mai jin yunwa yana da haƙƙin tambaya, babu mai hana shi. Sai dai tambayar tana ɗauke da wata fahimta da ta saɓa wa yadda aka tsara mulki a Nijar. Muddin ba a warware ta ba, za mu yi ta neman abu a hannun wanda ba shi ke riƙe da shi ba, mu ƙyale abin da yake hannunsa da gaske ba mu tambaye shi ba.

Suna ɗaya, aiki daban

Daga Damagaram zuwa Kano tafiyar kilomita 240 ce ko kusa da haka. Zuwa Yamai kuwa kusan 900. Kasuwarmu da danginmu da rediyon da muke saurare duk sun fi karkata kudu, shi ya sa muke ɗaukar kalmomin "jiha" da "gwamna" da ma'anar da suke da ita a Kano da Katsina da Jigawa.

A can, gwamna zaɓaɓɓe ne. Yana da majalisar dokokin jiharsa, yana da kasafin kuɗinsa, kowane wata ana ba shi kaso daga asusun tarayya, kuma yana karɓar wasu haraje-haraje na kansa. Bayan Shugaba Tinubu ya cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, gwamnatin tarayya ta sanar cikin watan Agusta cewa za ta ba kowace jiha tallafi na naira biliyan 5 don rage raɗaɗi. Gwamnan da yake da irin wannan aljihu zai iya tashi da safe ya ƙirƙiro shiri, ya sa masa suna, ya biya.

Nijar ba tarayya ba ce. Daga Yamai ake naɗa gwamna, shi ne wakilin gwamnatin ƙasa a jiha, kamar yadda firefe yake wakilinta a kowace ɗaya daga cikin gundumominmu goma: Mirya, Magarya, Kance, Dungas, Takeita, Damagaram Takaya, Gure, Tasker, Tanut da Balbeji. Aikinsa kula da tsaro, sa ido kan rassan ma'aikatu, da tabbatar da cewa abin da aka yanke a sama ya iso ƙasa. Albashin malamin lakwal da na ma'aikacin likita daga baitulmalin ƙasa yake fitowa. Farashin litar mai a Yamai ake tsayar da shi, kamar yadda aka mayar da fetur sefa 499 a Yulin 2024. Rage rabin kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati da aka fara a Satumbar wannan shekarar ma daga can ya zo. Rufe iyaka da buɗe ta ba na gwamna ba ne. Kuɗin sefa kuwa ko Yamai ba ita kaɗai ke juya shi ba, babban bankinsa na BCEAO yana Dakar.

To ina majalisar jiha?

Kafin Afrilun 2024 akwai hukuma ta biyu da mutane da dama ba su ma san bambancinta da ofishin gwamna ba. Ita ce majalisar jiha, wadda aka ƙirƙira cikin tsarin sakar wa jihohi da ƙananan hukumomi mara. An yi zaɓen kansiloli na farko a Yulin 2004, aka sami magadan gari zaɓaɓɓu a ƙananan hukumomi 265 na ƙasar. A Satumbar 2010 aka kafa kundin dokar da ya fayyace ikon waɗannan hukumomi, a Janairun 2011 aka zaɓi majalisun jihohi karo na farko. A 2016 gwamnati ta fitar da dokokin miƙa musu ayyuka a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. A kan takarda, majalisar jiha ce ke da alhakin tsara cigaban tattalin arziki da zamantakewar jiharta, ita ke rubuta tsarin raya jiha na shekaru biyar.

Matsalar da shugabannin majalisun suka yi ta kuka da ita ba ɓoyayya ba ce: an miƙa aiki, kuɗin aikin bai biyo baya yadda ya kamata ba. Ƙaramar hukuma aƙalla tana da harajin kai da masu gari ke tarawa, da na rumfunan kasuwa, da na kara inda ake sayar da bisashe, da na tasha. Majalisar jiha kusan duk abin da za ta taɓa sai ta jira tallafin gwamnati ta hannun ANFICT, hukumar da ke isar da kuɗin tallafi ga jihohi da ƙananan hukumomi, ko ta roƙi ƙungiyoyin ƙetare. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, masu ba da agaji da dama sun dakatar da nasu. A Afrilun 2024 kuma hukumomin soja suka rusa majalisun jihohi da na ƙananan hukumomi da aka zaɓa a Disambar 2020, aka naɗa kantomomi a madadin magadan gari.

Saboda haka idan muka ce "gwamnatin jiha" a Damagaram, muna nufin gwamna da firefe-firefe, da daraktocin noma da kiwo da ruwa da lafiya, da kantomomi, tare da sarakuna waɗanda doka ta amince da su cikin tsarin mulkin ƙasa, tun daga fadar Sarkin Damagaram har mai garin ƙauye. Tarin mutane ne masu iko da fili da jama'a da bayani, amma ƙanƙanen aljihu.

Daga ina tsananin yake zuwa?

Damina ita ce ta farko, wannan kowa ya sani. Wanda ya kai shekara hamsin ya ga farin 1984, ya ga 2005, ya ga 2010. Abin da ya kamata a tuna shi ne sunan da mutanen gabashin ƙasar suka ba yunwar 1984, wato El-Buhari, saboda ta haɗu da rufe iyakar Najeriya a zamanin mulkin sojan Janar Buhari. Tun a lokacin talaka ya gane cewa yunwarsa ƙafa biyu gare ta, ɗaya a sama ɗaya a kan iyaka.

Abin ya maimaitu. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi ranar 30 ga Yulin 2023, aka yanke wutar da ke zuwa mana ta layin Katsina, ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairun 2024, iyaka kuma ba ta buɗu ba sai cikin Maris. Ga kuma naira. Idan ta faɗi, ɗan ci-ranin da ya yi wata biyar yana tura baro a Kano zai dawo Dungas da kuɗin da ba su kai rabin abin da ya saba ba in an canja su zuwa sefa, mai rago a Matamaye kuma ya rasa ɗan kasuwar da zai saya da daraja, domin sefa ta yi wa Bakano tsada.

Sai yawan jama'a. A ƙidayar 2012 jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha mutane, sama da miliyan uku da rabi, kuma mafi yawansu sun cushe a kudu. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai a Kance yau jikoki goma ne ke gadonta. Wannan ne ya tura mata da yara hanyar Aljeriya, har aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da Arlit a Oktoban 2013, akasarinsu mata da ƙananan yara daga ƙasar Kance. A 2024 kuma ruwan ne ya yi yawa, gidajen ƙasa suka zube, har tsohon masallacin Birni na ƙarni na 19 ya rushe a farkon Satumba, aka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba saboda azuzuwa sun cika da waɗanda suka rasa matsuguni.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da gwamna ya jawo, kuma babu wanda zai iya hanawa da sa hannu a takarda. Abin da ke hannun jiha shi ne yadda bugun zai sami mutane: a shirye ko a kwance.

Kuɗin matata

Duk wanda ya bi hanyar Tanut ya ga matatar SORAZ, kilomita hamsin da 'yan kai arewa da gari. An buɗe ta a Nuwamban 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na Sin yana da kashi 60, Nijar tana da 40. Dokokin ƙasar sun tanadi kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen shiga na ma'adinai da man fetur ga hukumomin jihohin da ake aikin a cikinsu, kuma tanadin ya shafi jihar da take da matata. Wannan shi ne kuɗi mafi tsoka da jiharmu za ta iya cewa nata ne. Shekaru da dama ƙungiyoyin farar hula da zaɓaɓɓu suna ƙorafin jinkiri da bashin da ya taru. A ganina babbar illar jinkirin ita ce hana tsari. Hukumar da ba ta san watan da kuɗi zai shigo ba, ba za ta iya sayen hatsi a Nuwamba ba, kuma kamar yadda za mu gani, a nan duk maganar take.

Hatsi mai rahusa da watan da yake isowa

Shirin da talaka ya fi sani shi ne sayar da cimaka a farashi mai rahusa. Hukumar OPVN, wadda aka kafa tun 1970, ita ke ajiye hatsin gwamnati, an kuma daɗe ana sayar da buhu mai kilo 100 a kan jika 13, wato sefa 13,000. Buhu tiya 40 ne, kenan tiya ta kama sefa 325, dala 65 a lissafin kasuwa. A shekarar da hatsi ya yi tsada wannan rangwame ne babba. Yamai ce ke yanke yawan tan da farashi, amma rabon tsakanin gundumomi da ƙananan hukumomi, da zaɓen wuraren sayarwa, da sa ido kada buhun ya ɓace ya ɓullo a kasuwa, duk a jiha ake yi. Nan ne gwamna da firefe da kantoma suke da hannu dumu-dumu.

Na taɓa tsayawa a bakin wani wurin sayarwa a wani ƙauye kudu da gari, cikin Agusta. Mata sun yi layi tun hantsi, kowacce da kwarya ko tsohon buhun shinkafa da ta yanke. Wata dattijuwa ta kwance haɓar zanenta, ta ƙirga kuɗin tiya uku, ta sake ƙirgawa, sannan ta miƙa. Da muka gaisa na ce, "Inna, Allah ya kawo sauƙi." Ta ce, "Amin ɗana, sauƙi ne, amma da ya zo kafin mu sayar da akuya." Mijinta kuma tun shuka yake ƙwadago a gonar wani, tasa ta cika da ciyawa.

Wannan maganar ta akuya ita ce zuciyar al'amarin. Taimakon da ya iso bayan gida ya sayar da bisa, ya ci iri, ya karɓi bashin nan da ake kira a-ci-ba-daɗi, wanda ake biya da dami a kaka, yana ceton ciki na sati biyu amma asarar ta riga ta auku. Hatsin nan dai, tan ɗin nan dai, da ya iso a Mayu ko farkon Yuni da ya riƙe magidanci a gonarsa, kuma da ya sa masu ɓoye kaya sun fito da shi don gudun kada farashi ya karye musu. Sauya watan da mota take isowa ba ya buƙatar sabuwar doka. Yana buƙatar jiha ta kammala ƙididdigar ƙauyukan da suka yi giɓi tun Disamba, ta tanadi ma'ajiya a wuraren da hanya ke yankewa da damina, ta kai kayan can kafin ruwa ya sauka, ta kuma liƙa jerin abin da kowane ƙauye ya samu a inda kowa zai karanta, a faɗa a rediyo da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Tamashek. Buhun da aka sanar da zuwansa a rediyo yana da wuyar ɓacewa a hanya.

Rumbu mai kwaɗo biyu

Abin da ke cin manomin Damagaram shi ne tazarar da ke tsakanin farashin kaka da na bazara. A Oktoba kowa na buƙatar kuɗi a lokaci guda: bashi, haraji, kayan lakwal, aure, magani. Kowa ya kai wake da gyaɗa da hatsi kasuwa rana ɗaya, farashi ya faɗi warwas. Wata bakwai bayan haka shi wannan manomin ne zai sayi hatsinsa a hannun wanda ya ajiye, sau da yawa da tsada mai ciwo.

Tun wajen 1999, ta wani shirin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka fara gwada dabarar jinginar amfanin gona a Nijar. Ga yadda take. Ƙungiyar manoma ta tara buhunanta a ma'ajiya ɗaya, a rubuta sunan kowa a jikin buhunsa. A sa kwaɗo biyu a ƙofa, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun ba da rance, babu mai buɗewa sai da ɗan'uwansa. Asusun ya ba manomi rancen da ya kai kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na darajar kayansa a farashin kaka. Da kuɗin ya biya buƙatarsa, ya sayi rago ya turka, ko ya shiga lambu, ko matarsa ta yi ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Bayan wata biyar ko shida ya biya bashin da ɗan abin da ya hau, a buɗe ƙofa, ya ɗauki buhunsa lokacin da ya yi daraja. In ya so ya ci, in ya so ya sayar ya sayi taki da iri.

Dabarar tana da nata haɗari, kuma bai kamata a ɓoye ba. A shekarar da farashi bai tashi ba, manomi ya biya kuɗin ajiya da na rance a banza. Ƙwari suna cin wake idan ma'ajiyar ba ta da kyau. Wanda bai noma abin da zai kai shi wata uku ba, ba shi da abin jinginarwa, don haka mafi talauci ba ya shiga. Akwai kuma masu ƙyamar kuɗin ruwa, kuma ƙyamarsu abin girmamawa ce a gari irin namu, shi ya sa ya dace a zauna da malamai a tsara ta bisa hanyoyin da shari'a ta yarda da su. Bankunan cimaka na ƙauyuka ma an gina su da yawa bayan 2005, da dama sun mutu saboda an ci bashin hatsi ba a mayar ba, ko kwamiti ya zama na gida ɗaya.

Duk da haka, ina ganin babu wurin da ɗan kuɗin jiha zai yi aiki kamar nan. Ma'ajiya mai daɓen siminti da rufin kwano a kasuwannin Magarya da Matamaye da Mirya da Bakin Birji, da ɗan asusun lamuni da zai sa masu ba da rance su yarda su shiga ƙauye, da ma'aikacin da zai duba littafin ƙungiya sau biyu a shekara: wannan duk cikin ikon hukumomin jiha da ƙananan hukumomi yake. Haka nan sayen cimakar makarantu masu ciyar da yara kai tsaye daga ƙungiyoyin manoman yankin a lokacin kaka. Kuɗin da za a kashe ko ta yaya ne, bambancin kawai aljihun da zai faɗa.

Gawo bai jira kasafin kuɗi ba

Wanda ya bi hanya daga Mirya zuwa Magarya da rani zai ga gonaki cike da gawo kore shar, alhali komai ya bushe. Bishiya ce mai zubar da ganye da damina, ba ta yi wa hatsi inuwa, ganyenta taki ne, 'ya'yanta abincin bisashe. Bayan farin shekarun 1980 manoma suka daina sare tohon da ya fito a gona, suna zaɓar mai ƙarfi su gyara shi, abin da aka sa wa suna sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar ta wannan hanya, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, kuma yankin Magarya da Matamaye da Mirya yana cikin wuraren da duniya ke zuwa gani.

Rawar da hukuma ta taka a nan darasi ce. A da, itace na gwamnati ne, manomi na tsoron ɗan gandun daji, don haka gara ya tumɓuke toho tun yana ƙarami. Da aka sassauta, manomi ya tabbata cewa abin da ya raina nasa ne, sai ya raina. Doka ta biyo baya daga bisani, har zuwa dokar Yulin 2020 da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan itatuwan da ya raya. Haka ma hukumomin sasanta filaye: dokar karkara ta fito a 1993, kuma Mirya tana cikin wurare biyu na farko da aka kafa irin wannan hukuma a 1994, tare da Maine Sorowa. Shata burtali, ba da takardar shaidar gona, da tsayar da ranar sakin gonaki bayan girbi don makiyaya su shigo ba tare da faɗa ba, duk aikin hukumomin jiha ne, kuma rikici ɗaya da aka kauce masa ya fi tan ɗari na agaji. Asusun mata na Mata Masu Dubara da aka fara a Maraɗi a 1991 shi ma daga adashen da mata suka saba ya samo tushe.

Masu cewa a bar wa Yamai, da masu cewa a sakar wa jiha

Masu goyon bayan riƙe komai a tsakiya suna da hujja. Sun ce ƙasa tana cikin yaƙi da takunkumi, kuɗi kaɗan ne, raba shi gida-gida ɓarna ce. Sun ce majalisun da aka rusa sun zama fagen rabon kwangila tsakanin 'yan jam'iyya, wasu ƙananan hukumomi kusan duk abin da suka tara a albashi da alawus yake ƙarewa. Wanda ya zauna kusa da wata ma'aikatar magajin gari ya san ba ƙarya ce zalla ba.

Ɗaya ɓangaren sun ce kansila komai lalacewarsa ɗan ƙauyen ne, ana ganinsa a masallaci da wurin suna, ana iya tare shi a tambaye shi, kuma ana iya kayar da shi a zaɓe. Kantoma wanda ya naɗa shi yake ba bahasi. Sun ƙara da cewa buƙatar Tasker ta makiyaya ce, ta Gidimuni ta masu rake da rogo da dabino ce, ta birni kuma ruwan famfo ne, tunda garin a kan dutse yake zaune, sai an jawo ruwa daga Gogo-Macaya da Arunguza da Ganaram. Takarda ɗaya daga Yamai ba za ta dace da su duka ba.

Hana fitar da cimaka zuwa waje da aka yi a Oktoban 2024, ban da Mali da Burkina Faso, ya nuna yadda mataki ɗaya yake da fuska biyu. Ma'aikaci da ɗan kabu-kabu a birni suna murna idan tiya ta sauka. Manomin Dungas kuwa wake shi ne kuɗinsa, kasuwarsa kuma Najeriya ce, idan an rufe masa ita dole ya sayar da arha. Jiha ba ta da ikon soke matakin, amma ita ce ke da masu bin farashin kasuwanni mako-mako, ita ya kamata ta kai wa Yamai alƙaluma ta nemi ko dai gwamnati ta sayi waken da daraja, ko a buɗe masa ƙofa ta wani lokaci. Ni dai na fi karkata ga masu son a dawo da zaɓaɓɓun majalisu, da sharaɗin a ba su kuɗi a kan lokaci, a kuma tilasta musu bayyana lissafi a bainar jama'a.

Abin da talaka zai iya tambaya

Idan aka bi hanyar kai hatsi da wuri da jinginar amfanin gona, magidanci ba zai ga sabon gini mai hawa ba. Zai ga cewa bai sayar da wakensa rana ɗaya da kowa ba, akuyar matarsa ta kai damina ta haihu, shi kuma ya yi noman farko a gonarsa maimakon ta wani. Mai niyyar tafiya Aljeriya da yara uku ta sami jarin turka rago daga asusun unguwarsu. Idan aka ci gaba da jiran sai Agusta, gidajen da suka sayar da bisa bana su ne za su jinginar da gona baɗi, kuma gonar da aka jinginar a Kance ba kasafai take dawowa ba.

Don haka mai kiran gidan rediyo yana da tambayoyin da gwamna da firefe da kantoma ba za su iya turawa Yamai ba. Tan nawa aka ba ƙaramar hukumarmu, a wane wata ya iso, a waɗanne ƙauyuka aka sayar? Nawa aka tara a kasuwar garinmu da kara bana, me aka yi da shi? Kason jiha na kuɗin mai ya shigo ko bai shigo ba, in ya shigo nawa ne? Ma'ajiyar da aka gina mana, wa ke riƙe da makullinta? Lokacin yin waɗannan tambayoyi shi ne Oktoba da Nuwamba, sa'ad da dami ke tsaye a gona kuma amalanke ke shiga kasuwa da sabon hatsi.